Mai ciwon suga da mai allurar rage ƙiba: yadda ake shiri kafin a zira kyamara a ciki

Bara da bazara na raka goggona daga Marwa zuwa Garwa don a haska mata ciki. Ta daɗe tana fama da ƙwarnafi da zafin ƙirji, likita ya rubuta mata fiburoskopi, wato gwajin nan da ake zira siririn bututu mai fitila da kyamara ta baki a duba maƙoshi da tumbi da farkon hanji. An ce kada ta ci komai daga dare, ta kuwa kiyaye. Tun bayan isha ko ruwa ba ta kurɓa ba. Amma ba a yi minti biyar da shiga da ita ba sai ga likitan ya leƙo.

"Hajiya, ba na ce a zo da ciki wayam ba?"

"Wallahi, dokta, rabona da abinci tun shinkafar da na ci jiya da magariba."

"To ita na gani a ciki, tana nan zaune. Wane magani kike sha?"

Ta lissafa masa na hawan jini da ƙwayar suga. Sai da ya sake tambaya ko akwai wata allura, sannan ta ce, "Au, sai dai ta rage jiki da 'yata take aiko mini, wadda nake yi duk Juma'a. Ai wannan ba magani ba ce."

Magani ce, kuma ita ta riƙe shinkafar. Aka fasa gwajin, muka yi asarar kuɗin mota da na masauki, muka koma bayan mako biyu. Mun ma yi sa'a da feshin maƙogwaro kawai aka yi mata, idonta biyu. Da allurar barci mai nauyi aka yi, wannan abincin yana iya tasowa ya faɗa huhu.

Duk shirin da asibiti ke sa mutum ya yi kafin wannan gwaji an gina shi ne a kan zato biyu: cewa in ka yi awa shida zuwa takwas ba ka ci ba tumbinka zai zama fanko, da cewa jikinka zai jure yunwar ba tare da suga ya rikice ba. Magungunan suga da na rage ƙiba suna rushe zaton nan, kowanne ta hanyarsa. Wani yana riƙe abinci a ciki, wani yana faɗar da suga, wani yana sa jini ya yi tsami. Shi ya sa ba a yi musu kuɗin goro.

Mataki na farko: ranar da aka rubuta maka gwajin, zuba komai a leda

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wasu magungunan ana dakatar da su ne kwana uku kafin gwaji, wasu mako guda, don haka wanda ya bari sai safiyar ranar ya makara. Da zarar an ba ka rana, tattara duk abin da kake sha ko kake tsirawa, da kwalinsa, ka haɗa da karnen asibiti, wato littafin da likita ke rubutu a ciki, da ordonas ɗinka na ƙarshe, wato takardar magani, ka kai wa wanda zai yi gwajin. Kada ka dogara da "farar ƙwaya 'yar ƙarama". Sunan da ke jikin kwali ake so.

Ga yadda za ka gane rukunin da naka yake ciki.

Alluran da ke cikin abu mai kama da biro, waɗanda ba insulin ba: Ozempic da Wegovy (sinadarinsu semaglutide), Mounjaro (tirzepatide), Trulicity (dulaglutide), duk sau ɗaya a mako, Victoza da Saxenda (liraglutide) kullum. Akwai kuma ƙwayar Rybelsus, wadda semaglutide ce ta haɗiya. Likitoci na kiran wannan dangi GLP-1.

Ƙwayoyin da sunan sinadarinsu ke ƙarewa da "gliflozin": Forxiga (dapagliflozin), Jardiance (empagliflozin), Invokana (canagliflozin). Ana ba masu ciwon zuciya da na ƙoda su ko da ba su da suga, saboda haka mai ciwon zuciya ma ya duba kwalinsa.

Tsofaffin ƙwayoyin da aka fi sani a wajenmu: metformin, wadda da yawa ke kira Glucophage, glibenclamide ko Daonil, gliclazide ko Diamicron, glimepiride ko Amarel.

Sai insulin, irin su Mixtard, Actrapid, Insulatard da Lantus.

Ka lura da masu haɗi biyu cikin ƙwaya ɗaya, don nan ake yawan tuntuɓe. Glucovance metformin ce da glibenclamide. Xigduo da Synjardy metformin ce da gliflozin. Mutum sai ya ce "metformin kawai nake sha", alhali rabin ƙwayar wani abu ne daban.

Kayan gargajiya ma su shiga ledar: jiƙon shuwaka, darbejiya, hulba, garin da aka saya a kasuwa da sunan maganin suga, da shayin rage tumbi da mata ke tallatawa a WhatsApp. Yawancin irin wannan shayi filasko ne a ciki, zawo yake sawa, yana ƙarar da ruwan jiki, kuma wanda ya daɗe yana sha har launin bangon hanjinsa kan yi duhu, likita ya gani a kyamara. Na san abin da ke hana mutane faɗa, kunya ce. Mace ba ta so mijinta ko surukarta su ji tana allurar rage jiki, namiji ba ya so dokta ya yi masa faɗa a kan jiƙo. In haka ne, ka nemi ɗan rakiya ya ba ku wuri, ka faɗa wa likitan kai da shi.

Mataki na biyu: tambayoyi uku kafin ka bar ofishin

Na ɗaya, za a sa ni barci ne ko feshin maƙogwaro kawai za a yi? A wurare da yawa a yankinmu fiburoskopi da feshi ake yin ta, mutum yana farke, yana iya tari ya kare hanyar numfashinsa. Haɗarin ya fi girma in an yi allurar barci mai zurfi irin propofol, wadda aka fi amfani da ita a koloskopi, wato duba babban hanji ta dubura. Mai barci irin wannan ba ya tari. In abinci ya taso daga tumbi sai ya gangara huhu tare da ruwan tsamin ciki, ya ƙona shi, ya kawo ciwon huhu mai tsanani.

Na biyu, za a iya sa ni a farkon layi da sassafe? Mai suga bai kamata ya zauna a benci da yunwa har azahar ba. Ka roƙa, ba rashin kunya ba ne.

Na uku, wa zai gyara mini magani? Sau da yawa mai kyamara yana zaton likitan suga ya yi bayani, likitan suga kuma bai ma san an rubuta gwajin ba. Ka sa ɗayansu ya rubuta maka a karne, magani bayan magani: wannan a tsaya ranar kaza, wannan a rage zuwa kaza, a koma ranar kaza. Abin da ke biye a nan shi ne abin da aka saba yi, don ka fahimci dalili kuma ka san abin tambaya. Alƙalamin likitanka shi ne na ƙarshe.

Mataki na uku: in kana yin allurar GLP-1

A nan zan daɗe, don nan ne maganar ta fi sabunta kuma likitoci ma sun canza ra'ayi a kanta.

Waɗannan allurai suna kwaikwayon wani sinadari da hanji ke fitarwa bayan cin abinci. Suna sa jiki ya saki insulin lokacin da ake bukata, suna kashe kwaɗayi, suna kuma rage saurin da tumbi ke tura abinci zuwa hanji. Wannan na ƙarshen yana cikin abin da ke sa mutum ya ci loma biyar ya ji ya ƙoshi, kuma shi ne matsalar ranar gwaji. Ga shi maganin ba ya fita jiki da wuri. Semaglutide takan ɗauki kusan mako guda kafin rabinta ya bar jini, tirzepatide kusan kwana biyar, liraglutide kuwa kusan awa 13. Wanda ya yi Ozempic ranar Juma'a, ranar Talata tana nan tana aiki.

A watan Yuni na 2023 ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta ba da shawarar a dakatar da mai yin kullum a ranar aiki, mai yin mako-mako kuma a tsallake masa mako guda. Likitocin ciki da yawa ba su gamsu ba. Suka ce hujjar ba ta yi ƙarfi ba, ana ta fasa wa mutane gwaji, kuma mai ciwon suga in ya bar allurarsa sugansa na hawa. A watan Oktoba na 2024 ƙungiyoyi biyar, har da ta masu sa barcin da ta likitocin ciki, suka fitar da matsaya ɗaya: yawancin mutane na iya ci gaba da allurarsu, amma a duba kowa da halinsa, kuma wanda ake jin tsoron cikinsa ya wuni awa 24 kafin gwaji a kan abin sha kawai, ba abinci mai tauri. Hukumomin magunguna na Turai da Amurka su ma a 2024 sun sa an ƙara gargaɗi a takardar waɗannan magunguna game da faɗawar abinci cikin huhu lokacin barcin asibiti.

Don haka in wani likita ya ce ka tsallake mako, wani ya ce ka ci gaba amma ka sha ruwa-ruwa, ba wanda ya yi shirme a cikinsu. Abin da zai raba gardama shi ne amsarka ga waɗannan:

Yaushe ka fara, kuma ana kan ƙara maka awo ne? Ozempic ana farawa da 0.25 na miligiram tsawon mako huɗu, a koma 0.5, wani ya kai 1. Mounjaro daga 2.5 take hawa har 15. Lokacin hawan nan ne ciki ya fi nauyi. Wanda ya yi wata shida a kan awo ɗaya ba tare da damuwa ba, haɗarinsa ya fi sauƙi.

Kana jin tashin zuciya, amai, kumburin ciki, gyatsa mai wari, taurin bayan gida, ko ka ci kaɗan ka ji kamar dutse? Waɗannan alamun abinci na daɗewa ne. Amma rashinsu ba shaida ba ce cewa ciki fanko ne. Goggo ba ta jin komai sai ƙwarnafin da ya kawo ta.

Don suga kake yi ko don ƙiba? Mai rage ƙiba in ya tsallake allura ɗaya ba abin da zai same shi. Mai suga kuwa sai an san abin da zai riƙe masa suga a wannan makon.

Shekara nawa kana da suga? Ciwon da ya daɗe yana lalata jijiyoyin da ke motsa tumbi, ya sa abinci ya riƙa kwana ko babu wata allura. In ƙafafunka sun fara mutuwa ko suna zafi kamar barkono, faɗa wa likita, don mai wannan sau da yawa cikinsa ma ya yi sanyi.

A ganina, ko an ce ka tsallake allura ko ba a ce ba, wunin abin sha zalla shi ne abu mafi araha kuma mafi amfani da za ka yi wa kanka. Likitoci sun lura cewa masu wannan allura da aka haɗa musu fiburoskopi da koloskopi rana ɗaya ba a cika samun abinci a tumbinsu ba, saboda shirin koloskopi dama yana hana su abinci mai tauri tun jajibiri.

Wani abu kuma game da inda allurar ta fito. Da yawa a nan ba daga farmasi suke samunta ba, saƙo ne daga Dubai ko Legas ko Duwala, ko an saya a intanet. A 2023 an kwantar da mutane a asibiti a Ostiriya bayan sun yi amfani da jabun Ozempic, sugansu ya faɗi warwas, bincike ya nuna alamar insulin ce aka ɗura a ciki. A watan Yuni na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun semaglutide da aka kama a Birazil da Ingila da Amurka. In ba ka da tabbacin asalin taka, kai biron kansa likita ya gani, kuma kada ka tsira shi a kwanakin da ba ka cin abinci.

Mataki na huɗu: in ƙwayarka gliflozin ce

Wannan ita ce mai yaudara. Aikinta fitar da suga ta fitsari. In mutum ya daina cin abinci, ga ƙishirwa, ga maganin wanke hanji, jiki kan koma ƙona kitse, wani sinadari mai suna keton ya taru, jini ya yi tsami. A al'ada wannan matsala tana zuwa ne da suga mai tsananin hawa, kowa ya gane. Da gliflozin kuwa na'ura na iya nuna 1.50 ko 1.80 na giram a lita, mai jinya da ɗan rakiya su ce lafiya lau, alhali mutum yana hanyar suma.

Shi ya sa tun 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta ce a dakatar da Forxiga da Jardiance da Invokana aƙalla kwana uku kafin tiyatar da aka tsara. Likitoci da yawa suna bin wannan ƙa'ida a koloskopi, don shirinta yana haɗa yunwa da zawo. In gwajin ranar Alhamis ne, ƙwayar ƙarshe ranar Lahadi ke nan. A fiburoskopi ta safe, wadda za ka ci abinci da hantsi, wasu sukan ce a bar ta ranar kawai. Mai ciwon zuciya da ke shan ta kada ya yanke da kansa, ya tambayi likitan zuciyar.

Alamun da za ka riƙe: tashin zuciya, amai, ciwon ciki, kasala mai yawa, numfashi mai zurfi da sauri. In sun zo, kafin gwaji ko kwana biyu bayansa, tafi asibiti ka ce "ina shan gliflozin, a duba mini keton", kome na'urar suga ta nuna.

Mataki na biyar: Daonil, metformin da insulin

Daonil, Diamicron da Amarel suna matsa wa jiki ya fitar da insulin ko ka ci ko ba ka ci ba. Ka sha su da ciki wayam, suga ya faɗi. Ba a shan su safiyar gwaji, haka ma ranar da za a wuni a kan abin sha. Daonil ta fi daɗewa a jiki, musamman ga tsofaffi da masu raunin ƙoda, har ƙwayar daren jiya tana iya kayar da mutum da safe.

Metformin ita kaɗai ba ta cika faɗar da suga ba. Damuwarta ƙoda ce: in ruwan jiki ya ƙare sai ta taru. Akasari ana barin ta ranar gwaji, a koloskopi kuma tun ranar shan maganin wanki. Januvia da Galvus, wasu ƙwayoyin suga, ba su da wata fitina a nan.

Insulin ba a yi mata gaba-gaɗi. Mai saurin aiki, irin Actrapid, ta abinci ce: babu abinci, babu ita. Mai dogon aiki kuwa ragewa ake yi, ba a dainawa. Abin da aka saba shi ne a rage Lantus da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar, Insulatard kuma a yi rabi da safe. Mixtard haɗi ce ta biyun, don haka adadinta sai likita ya rubuta da hannunsa. Wanda sugansa irin na ƙuruciya ne, wanda ya dogara da insulin tun farko, ba ya kwana ba insulin ko da ba zai ci komai ba. Yin haka na kai shi ga tsamin jinin nan cikin awoyi.

Mataki na shida: jajibiri

Azumin asibiti ba azumin Ramadan ba ne, ba shi da sahur. Wannan kuskure na gani da idona a layin jira: dattijo ya tashi da asuba ya cika ciki da tuwo da miyar kuka don "ya samu ƙarfin jurewa". Ƙa'idar ita ce awa shida ba abinci mai sauƙi, awa takwas in an ci nama ko soyayye. Ruwa zalla kuwa ana yarda da shi har zuwa awa biyu kafin gwaji, sai dai in asibitinka ya ce ka tsaya kafin haka.

In an sa ka wunin abin sha, ga ma'auni: zuba shi a kofin gilashi, in kana hango yatsanka ta bayansa ya halatta. Ruwa, shayi ba madara, romon kaza ko na kifi da aka tace aka kwashe mai, farin lemon kwalba. Kunu, koko, fura, nono da kindirmo duk abinci ne a wajen tumbi, ko da ana kurɓarsu. Zoɓo, wanda maƙwabtanmu Fulani ke kira follere, a Njamena kuma karkanji, a bar shi kafin koloskopi, don jansa na kama da jini a kyamara. Kuma a wannan rana mai suga ba ya gudun suga gaba ɗaya. Tunda babu tuwo, shayi mai ɗan suga ko lemo lokaci-lokaci shi ne abincinsa. Ya riƙa gwada jini duk bayan kamar awa huɗu. Tsakanin 1.00 da 1.80 na giram a lita shi ake nema.

Mai koloskopi shirinsa ya fi tsawo. Kwana biyu zuwa uku kafin ranar zai bar ganye da duk abu mai 'ya'ya ko ɓawo: zogale, yakuwa, kuɓewa, wake, riɗi, gyaɗa, gwaba, tumatir, dabino. Ya koma farar shinkafa, taliya, farin burodi, ƙwai, kifi da kaza. Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ana barin ta kusan mako guda, don tana baƙanta hanji. Masu shan maganin tsinka jini su ma su faɗa tun farko. Sai maganin wanki, wanda a nan akasari Fortrans ne: ana narka kowace ƙunshi a lita ɗaya ta ruwa, a sha lita uku zuwa huɗu. Masu suga da masu allurar GLP-1 hanjinsu na da nawa, wankin bai cika fita tas ba, don haka in kana da taurin bayan gida ka faɗa, wataƙila a ƙara maka kwana. Raba maganin biyu, rabi da yamma rabi da asuba, ya fi wanke hanji kuma ya fi sauƙin sha ga mai tashin zuciya. A sanyaya shi, a riƙa kurɓa kofi-kofi. In abin da ke fita ya zama ruwa garai-garai mai ɗan rawaya, an isa.

Zafin Maris da Afrilu a Garwa da Kuseri da Njamena yana haura digiri 40. Zawon wanki a irin wannan yanayi yana busar da mutum fiye da yadda takardar maganin ta zata. A ƙara ruwa a kan na Fortrans, a zauna a inuwa. In ranar ta faɗo cikin Ramadan kuma gwajin ba na gaggawa ba ne, a nemi a ɗaga zuwa bayan Salla. In ba zai ɗagu ba, marar lafiya yana da rangwamen ajiye azumi ya rama.

Mataki na bakwai: safiyar gwaji

Wanda zai taso daga nesa ya zo ya kwana a garin. Daga Marwa zuwa Garwa kusan kilomita 200 ne, kuma tafiyar mota da yunwa da ragowar maganin suga a jini ba abin wasa ba ce. Ka zo da ɗan rakiya, da na'urar gwaji, da ledar magungunanka, da ƙwayoyin sukari a aljihu, da abincin da za ka ci bayan an gama.

Gwada suga da ka tashi, ka sake kafin a shiga da kai. In ya sauka ƙasa da 0.70, ko ka ji rawar jiki, zufa mai sanyi, bugun zuciya, duhu-duhu a ido, kada ka daure don tsoron ɓata gwaji. Narka ƙwayar sukari uku a rabin kofin ruwa ka sha, ka sake gwadawa bayan minti 15, sannan ka gaya wa nas abin da ka sha da ƙarfe nawa. Ruwan sukari yana barin ciki da wuri. Abin da zai faru bai wuce a ɗan jinkirta ka ba, ko a sa maka ƙarin ruwa.

In ka manta ka yi allura, ko ka sha ƙwayar da aka hana, ko ka ci wani abu, ko ka tashi da amai da kumburi, faɗi kafin a kwantar da kai. Likita yana da zaɓi in ya sani. Yana iya duba tumbi da eko, wato hoton ciki irin na masu juna biyu, inda akwai na'urar da wanda ya iya. Yana iya yin gwajin da feshi kawai. Yana iya sa bututun numfashi ya toshe hanyar huhu kafin a fara. Yana iya ɗagawa. In kuma ya zira kyamara ya tarar da abinci ya janye, kada ka matsa masa don ka biya kuɗi. Gyambo ko ƙari na iya ɓuya ƙarƙashin wannan abincin, a ba ka takarda cewa ba a ga komai ba.

Mataki na takwas: bayan an gama

In an fesa maka maƙogwaro, jira kamar awa ɗaya kafin ka sha ko ka ci, har sai ka ji kana haɗiyar yawu daidai, in ba haka ba za ka ƙware. Fara da ruwa, sannan abu mai laushi. Wanda aka sa barci ba ya tuƙa mota ko babur ranar, kuma ko a bayan ɗan acaba ne gara a samu mai riƙe shi.

Insulin ta abinci da Daonil da 'yan uwanta suna dawowa tare da abincin farko na sosai. Metformin in ka koma ci da sha kana fitsari kamar kullum. Gliflozin ita ce ta ƙarshen dawowa, sai ci da sha sun daidaita, akasari washegari ko bayan kwana biyu. Allurar mako kuwa ka koma ranarka da ka saba, kada ka ninka don cike gurbi. In abin ya ja har ka tsallake allura biyu ko uku, tambayi likita kafin ka koma, don wani lokaci sai an sake farawa daga ƙaramin awo, in ba haka ba amai ya hana ka sakat.

Suga na iya ɗan hawa kwana ɗaya ko biyu, wannan ba abin firgita ba ne. Abin da ke mayar da mutum asibiti a daren shi ne zazzaɓi da tari da ƙarancin numfashi, ciwon ciki mai tsanani da ba ya lafawa, aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta ko jini mai yawa ta dubura, da aman da ya hana shan ruwa.

Da muka koma da goggo karo na biyu, likitan sugarta ya sa ta tsallake allurar Juma'a ɗaya, ta wuni a kan shayi da romon kifi tana mita, aka sa ta ta farko a layi. Kyamara ta shiga ta tarar da tumbi fes, aka ga ɗan gyambo kusa da mafitarsa, aka ɗauki ɗan nama don gwaji, aka rubuta mata magani. Kafin ƙarfe tara tana zaune a ƙarƙashin darbejiyar harabar asibitin tana shan kunun gyaɗar da muka zo da shi a fulas.